A Ɗora Yaro a Kujerar Uwar Shaihu Umar

Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan tagar wani aji na ƙaramar sakandare a Yelwa, ko Wara, ko Shanga, a nan ƙasar Yauri, lokacin darasin adabin Hausa, ya san yadda abin yake tafiya. Malam ya tambaya wa ya rubuta littafi kaza, yara su amsa baki ɗaya. A wace shekara? Su amsa. Mene ne jigonsa? Su maimaita jimlar da aka rubuta musu a allo makon jiya, ba ragi ba ƙari. Daga nan a kwafe sunayen taurari, a ja layi ƙarƙashin salo da zubi da tsari, a buga ƙararrawa, kowa ya kama gabansa. Yaro yana iya cin wannan jarrabawa tas alhali bai taɓa jin tausayin kowa a cikin littafin ba, bai taɓa jin haushin kowa ba, kuma ba a taɓa tambayarsa abin da zai yi in da shi ne abin ya sama ba.

Ban ɗora wa malamai laifi ba, don yawancinsu haka aka karantar da su, ga aji cike maƙil, ga littattafai ba su wadata ba. Amma ina ganin muna yi wa yaranmu asara babba a daidai shekarun da suka fi bukatar adabi. Ɗan shekara 12 zuwa 15 yana kan gaɓar da yake fara gane cewa sauran mutane ma suna da nasu ciki, da nasu dalili, da nasu tsoro. In bai koyi duban al'amari da idon wani a wannan lokaci ba, da wuya ya koya daga baya. Kuma akwai hanya mai sauƙi da ba ta bukatar sisin kwabo: kujera ɗaya a gaban aji, a ɗora yaro a kanta a matsayin wani daga cikin mutanen littafin, 'yan'uwansa su yi masa tambaya, ya amsa da bakin wancan mutum.

Mu ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934 cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Umar ne yake ba almajiransa labarin kansa: yadda aka yi wa Makau, mijin mahaifiyarsa, sharri a fada aka kore shi, yadda aka sace shi yana ƙarami, yadda ya faɗa hannun masu harkar bayi, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar ya yi karatu ya zama malami. Amma wadda ta fi kowa shan wuya a littafin ita ce uwar. Ta bar ɗanta a hannun wata ta tafi ganin iyayenta, aka sace shi a bayanta, ta bazama nemansa, ita ma ta faɗa bauta, ta ƙetare hamada, ba ta sake sa shi a ido ba sai a Tarabulus, kuma ba ta daɗe ba bayan haka ta rasu.

Na ga wata malama a wata makaranta ta bakin tafkin Kainji ta jawo kujerarta gaban allo, ta yafa wa wata yarinya mayafinta, ta ce wa aji, daga yanzu wannan ba 'yar ajinku ba ce, uwar Umar ce, ku tambaye ta abin da kuke so. Da farko dariya aka yi, yarinyar ma ta rufe fuska. Malama ba ta tsawata ba, ta jira. Can sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu.

"Inna, me ya sa kika bar ɗanki kika yi tafiya? Ai ke kika jawo."

Yarinyar ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba. Sai ta ce, "Ɗana, mace za ta bar ƙasa ta bi mijinta inda ba ta sani ba, ba ta yi sallama da iyayenta ba? In kai ne, za ka tafi ba ka ga mahaifiyarka ba?"

Wata ta ce, "To Inna, da kika ga an sace shi, me ya hana ki haƙura ki zauna da mijinki? Ai Allah zai ba ki wani."

"Ɗa ba riga ba ne da za a ce ta ɓata a ɗinka wata."

Ajin ya yi tsit. A nan ne malamar ta yi abin da ya fi burge ni. Ba ta tafa mata ba, ba ta ce madalla ba. Cewa ta yi, "A ina littafin ya nuna miki tana da wannan hali? Buɗe ki nuna mana." Yarinyar ta sauko, ta karɓi littafi, ta yi ta juya shafuka tare da ƙawayenta biyu har suka gano wurin. Wannan ita ce ƙa'idar da ta raba darasi da wasa: duk amsar da aka bayar a kan kujera dole ta sami gindi a cikin littafin. Yaro yana da damar ƙara abin da marubuci bai faɗa ba, amma ba shi da damar saɓa wa abin da ya faɗa.

Tausaya wa uwa abu ne mai sauƙi, kowa yana da uwa. Kujerar da ta fi wuya ita ce ta Abdulkarim. Mutumin nan ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu, ya gatanta shi. Shi ne kuma mutumin da yake zuwa ƙasar Hausa yana kwasar 'ya'yan mutane yana ƙetare hamada da su. Mutumin kirki ne ko azzalumi? Yaron da aka ɗora a wannan kujera dole ya nemo yadda mutum yake iya kwana da sallarsa da tausayinsa, ya tashi ya ci gaba da cinikin da yake raba uwa da ɗa, ba tare da ya ga aibin kansa ba. Masu tambaya kuma dole su matsa masa. In aji ya rabu biyu a kan wannan, ana musu har bayan an buga ƙararrawa, to an yi darasin adabi. Yaran sun gano da kansu cewa fahimtar dalilin mutum daban, wanke shi daga laifi daban. Manya da yawa ba su kai ga wannan ba.

Haka ma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka kafa labarinsa a Kwantagora, maƙwabciyarmu. Duk abin da ya gudana tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe daga bakin Alhaji muka ji shi. Ba wanda ya taɓa tambayar Zurƙe. A ba shi kujera ya kawo nasa, a ga ko yara za su ci gaba da yarda da duk abin da mai ba da labari ya gaya musu.

Wani zai ce wannan dabarar Turawa ce. Gaskiya ne a Ingila wata malama mai suna Dorothy Heathcote, wadda ta fara rayuwa tana aiki a masaƙa kafin ta zama malama a jami'ar Newcastle, ta shahara da irin wannan koyarwa har ta rasu a 2011. Ita kanta takan shiga matsayin wani a tsakiyar darasi, ta bar wa yara matsayin masana. A Jami'ar Ahmadu Bello kuma, tun daga shekarun 1970, malaman wasan kwaikwayo da ɗalibansu sun riƙa zuwa garuruwa irin su Soba da Maska suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin manoman. Amma tun kafin duk wannan, ɗan Bahaushe ya san shiga rigar wani. Da azumi ya kwana goma yara suke fita tashe, wannan ya sa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rungumo sassaƙe da saiwoyi ya zama Jatau Mai Magani, 'yan mata su yi Mairama da Daudu suna nuna zaman aure. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari sukan naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka su gudanar da mulki. A wasan gauta matan fada sukan kwaikwayi sarki da fadawansa a gabansa, ya ga kansa yadda ake ganinsa. Ko kakar da take tatsuniya da dare, in ta zo kan Gizo sai ta sauya murya ta yi tsamin baki. Yaron da yake zaune a aji shiru kamar ruwa ya cinye shi, shi ne dai da azumi yake jagorantar 'yan tashen unguwarsu. Makaranta ce kawai take sa shi ya ajiye wannan baiwa a bakin ƙofa.

Abin da nake kira gare shi ya bambanta da wasan ranar raba kyaututtuka, inda ake zaɓar yara biyar masu baki su haddace takarda, a ɗinka musu kaya, saura su yi kallo. Wannan ma yana da amfaninsa, Shaihu Umar ɗin kansa Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Amma kujerar aji ba ta da 'yan kallo. Kowa yana aiki, ko yana tambaya ko yana amsawa, kuma ba a haddace komai.

Dalilin da ya sa nake ganin ƙasar Yauri ta fi ko'ina bukatar wannan shi ne irin yaran da suke zaune a bencinmu. A aji ɗaya za ka sami ɗan Gungawa, da ɗan Kambari, da ɗan Shangawa, da ɗan Dukkawa, da ɗan Lopawa, da ɗan Sarkawa masunta, da ɗan Fulani, da ɗan fatake da iyayensa suka zo kasuwanci suka zauna. Hausa ce ta haɗa su, amma kowa da abin da ake faɗa a gidansu game da sauran. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya rubuta tarihin bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma aka buga a 1978, da tarihin Yauri ya fara bincikensa, kuma wanda ya san tarihin nan ya san masarauta ce da aka gina a kan zaman ƙabilu da yawa a gaɓar kogi ɗaya. Yaran nan gobe su ne za su zauna a kan rikicin gona da burtali, da na fadama, da na wurin kamun kifi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka ne, amma maƙwabcin da bai taɓa leƙa ɗakin ba zai rantse babu yoyo.

Kuma muna da labari a ƙofar gida da ya isa a yi zango guda ana darasi a kansa. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, lokacin marubucin Shaihu Umar yana Firayim Minista, aka gama a 1968. Da ruwa ya taru ya zama tafkin da ya haura murabba'in kilomita 1,200, ya shanye tsohuwar Busa da gungaye da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutum wajen 44,000 aka mai da su sababbin matsugunai. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa na rani a gaɓar kogi, suna cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. An gina musu gidajen siminti, amma ƙasar da suka saba da ita, da fadamunsu, da kaburburan iyayensu, suna ƙarƙashin ruwa.

Malamin Hausa yana iya tura yara gida da tambaya ɗaya: ku tambayi kakanninku ranar da aka tashi. Adabin baka yana cikin manhaja, labarin da aka ji daga bakin tsoho adabi ne. In sun dawo da abin da suka jiyo, a jera kujeru. Ga manomin da ya ga ruwa yana hawa kan gonar albasarsa. Ga matar da aka nuna wa sabon ɗaki, tana duba inda za ta kafa murhu da inda za a gina rumbu. Ga mai garin da aka ɗora wa nauyin gaya wa jama'arsa su tattara, yana tsakanin hukuma da 'yan'uwansa. Ga Basarken da ya biyo kifi ya zo sabon tafki da tarunsa da mamarinsa, wanda a wurinsa ruwan nan arziki ne. Ga kuma injiniyan da ya yi imani yana gina abin da zai haska ƙasa, ya tayar da masana'antu.

Ni da zan zaɓa, jikan manomin zan ɗora a kujerar injiniya, ɗan ma'aikacin gwamnati kuma in ɗora shi a ta manomi. Na farko zai sha wuya kafin ya iya furta cewa ƙasa tana bukatar wutar lantarki, kuma ba a tara ruwa ba tare da ya kwanta a kan gonar wani ba. Na biyu zai sha wuya in aka tambaye shi nawa ne kuɗin kabarin mahaifinsa, ko me ya sa har yau akwai ƙauyukan bakin tafki da ba su ga wutar da aka tashe su dominta ba. Bayan nan kowa ya koma bencinsa ya rubuta wasiƙa da sunan wanda ya wakilta. Ina da yaƙinin insha'in da zai fito daga nan ya fi wanda ake samu in an ce yaro ya rubuta yadda ya yi hutunsa. Kuma lokaci yana ƙurewa, don wanda yake ɗan shekara 12 a 1968 yau yana bakin 70.

Sai dai abin yana da haɗarinsa, kuma malamin da bai kiyaye ba gara ya bar shi. Na farko shi ne ba'a. Wasanninmu na gargajiya, duk da daɗinsu, da yawa an gina su a kan kwaikwayon hausar Bagwari ko ta Bafulatani don a yi dariya. In aka shigo da wannan aji, yaron Kambari da yake fama da Hausa a matsayin harshe na biyu shi zai koma gida da ciwon. Doka ta zama ba a kwaikwayon lafazi ko tafiya ko nakasar kowa. Tunanin mutum ake ɗauka da dalilinsa, a faɗe su da muryar da Allah ya ba ka. Na biyu laƙabi. Kowa ya san yaranmu, wanda ya yi Zurƙe sau ɗaya, Zurƙe za a kira shi har ya yi aure. Shi ya sa mayafi ko hular da ake sa wa mai kujera take da amfani: malam ya cire ta a gaban kowa, ya kira yaron da sunansa na yanka, ya gode masa, mako mai zuwa kuma wani ya hau.

Na uku ya fi nauyi. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya kife da mutane masu yawa a kusa da Wara. A ranar 17 ga Yuni na wannan shekara 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan suka daɗe ƙwarai a hannunsu. Akwai yaran da suke zaune a azuzuwanmu da abin ya ci 'yan gidansu. Kada wani malami, don yana son darasi ya yi armashi, ya sa yara su kwaikwayi waɗannan abubuwa. Ko Shaihu Umar ɗin ma, labarin satar yaro ne, don haka ba a nuna wurin satar, kuma duk yaron da ya ce ba zai hau kujera ba a ƙyale shi ba tare da an tambaye shi dalili ba. Amfanin tsohon littafi shi ne yana ba da tazara. Yarinyar da ba za ta iya maganar yayarta ba tana iya maganar uwar Umar, in ta ga dama, a ranar da ta ga dama.

Iyaye kuwa, na san da yawa in suka ji an ce wasan kwaikwayo sai hankalinsu ya tafi ga fim da rawa da waƙa, kuma suna da haƙƙin su tambaya. Amsar ita ce babu kiɗa, babu rawa, babu mai taɓa wani, ba a wakiltar annabawa ko sahabbai, kuma inda aka fi son mata su yi da mata, maza da maza, hakan ba ya rage komai. Shugaban makaranta ya gayyaci liman ko wani daga cikin iyaye ya zauna a bayan aji ya gani da idonsa. Abin da zai tarar ba baƙo ba ne a addini: shari'a ba ta yarda alƙali ya yanke hukunci ba sai ya ji ta bakin kowane ɓangare, kuma wannan ɗabi'a ce ake dasa wa yaro tun yana ƙarami.

Batun jarrabawa da yawan yara ba ya tsorata ni. Yaron da ya san gobe za a ɗora shi a kujerar Makau zai nemi littafin ko aro ne ya karanta, don ba ya son ya ji kunya a gaban sa'o'insa, kuma abin da ya kare da bakinsa ba ya mantawa ranar jarrabawa. Inda littafi ɗaya ne tak, malam ya karanta babin da ƙarfi, sannan a jawo kujera. Minti goma sha biyar a ƙarshen darasi sun isa. Har ɗan masuncin da yake yawan fashin makaranta lokacin da kifi ya kama, wanda aka saba ɗauka daƙiƙi, ranar da aka zo kan kujerar Basarke shi ne malamin ajin, don shi ya san yadda ake karanta iska kafin a tura kwalekwale.

Ina roƙon malaman sashen Hausa na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu su sa ɗalibansu su gwada wannan da jikinsu kafin a tura su koyon aikin koyarwa. Ina roƙon jami'an duba makarantu na Yauri da Ngaski da Shanga, in suka ji hayaniya a ajin adabi, su leƙa su ga me ake musu a kai kafin su rubuta cewa malam ya kasa riƙe aji. Dattawan da suka ga ranar da ruwa ya hau gungayensu kuma, in jikoki suka zo da tambaya, a daure a ba su labarin yadda yake. Kai kuma malam, da ke malama, ba sai kun jira takarda daga Birnin Kebbi ba. Ku zaɓi babi ɗaya a littafin da kuke karantarwa a wannan zango, ku jawo kujera gaban allo ranar Litinin.